Allon Zamiya Mai Kwaikwayon Igiyar Ruwa: Wane Iri Ne Zai Yi Tafiya a Maradi?

Wani matashi daga unguwar Zariya a nan Maradi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ga bidiyon samari a kan allo mai taya huɗu, suna karkata hagu da dama, allon yana ta ƙara gudu ba tare da sun sa ƙafa a ƙasa ba. Yayansa da ke aiki a Faransa ya yi masa alkawarin aiko masa da guda, ya ce ya faɗi irin wanda yake so, shi kuwa da ya bincika sai ya tarar da sunaye barkatai. Yana son ya san bambancinsu, da yadda kowane yake tafiya, da wanda zai yi amfani a garin da yashi ya fi kwalta yawa.

Ƙanena, na ji daɗin wannan tambaya, domin abu ne da na daɗe ina yi. Na fara hawan igiyar ruwa, wato tsayuwa a kan allo igiyar teku tana tafiya da mutum, a Dakar lokacin da nake karatu, a bakin tekun Yof da Ngor, kuma a can ne na fara taka irin wannan allo a ranakun da teku ta kwanta. Da na dawo gida sai na taho da nawa, kuma tun daga lokacin shi ne abin da ya rage mini na teku, tunda daga Maradi zuwa gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 800. Sunan da za ka gani a shafukan masu sayarwa shi ne surfskate. Ni a nan zan riƙa ce masa allon igiya, don in bambanta shi da allon zamiya na gama-gari.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, ba katakon ne yake raba ire-iren nan ba, ba kuma zanen da ke jikinsa ba. Ƙafar gaba ce, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba. A allon zamiya na gama-gari ƙafar gaba da ta baya iri ɗaya ne, kowace tana juyawa kaɗan idan ka karkata, saboda haka sai ka riƙa tunkuɗa ƙasa da ƙafa ɗaya kafin ka samu gudu. A allon igiya kuwa an saki ƙafar gaba tana juyawa sosai, an bar ta baya kusan a kafe. Ka dubi tayar kujerar ofis ko ta gadon tura marasa lafiya: sandar tayar tana bayan wurin da take juyawa, shi ya sa take bin duk inda aka tura ta. Haka gaban allon igiya yake. Idan ka juya kafaɗa da ƙugu zuwa dama, hancin allon ya bi dama. Kafin ya yi nisa ka mayar da shi hagu. Tayoyin baya kuma suna riƙe da ƙasa ba sa zamewa gefe, sai ƙarfin da ka tura gefe ya koma tafiya gaba. Duk wanda ya taɓa ganin sawun maciji a kan rairayi ya ga wannan hikima, domin shi ma da lanƙwasa yake tafiya. Wannan tuƙi da jiki shi ne ran wasan, kuma da shi ake auna kowane iri.

Asalin abin daga masu hawan igiyar ruwa ne. Tun a shekarun 1950 samarin Kalifoniya a Amurka suke maƙala tayoyi a katako don su rage kewar teku, kuma a farkon shekarun 1970, da Frank Nasworthy ya kawo tayoyin roba mai riƙe ƙasa, wasan ya samu gindin zama. Amma allon da yake juyawa kamar na ruwa bai fito sosai ba sai a 1996, lokacin da Greg Falk da Neil Carver, mazauna Venice a Kalifoniya, suka ƙera ƙafar gaba mai hannu, suka kafa kamfanin Carver. Yawancin ire-iren da ka gani a bidiyo a kan wannan tunani suka ginu.

Iri na farko shi ne mai robobi kawai, kuma sanannen misalinsa shi ne CX na Carver. Idan ka kifa allon za ka ga ƙafar gaba ba ta da wani ƙarin inji: babban noti ne guda ya ratsa robobi biyu, sai dai an canza kusurwar ƙarfen an kuma ɗaga shi, ta yadda yake juyawa fiye da na gama-gari nesa ba kusa ba. Yadda yake tafiya shi ne, idan ka danna gefe robar tana matsewa, tana kuma mayar maka da ƙarfinka nan take, sai ka ji allon yana amsa maka da sauri, yana komawa tsakiya da kansa. Ba ya yin kwana mai tsananin matsi kamar masu sifirin, amma yana da natsuwa a ƙarƙashin ƙafa, yana riƙe gudu idan ka ɗauko shi, kuma za ka iya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ka tunkuɗa ba tare da hancin ya kufce maka ba. Wannan magana ta ƙarshe ba ƙarama ba ce ga mai koyo, kuma ba ƙarama ba ce ga wanda zai riƙa ratsa wurin da yashi ya rufe hanya. Carver yana da wani ƙanensa mai suna C5, wanda ya fi gajarta, an yi shi ne don masu son tsalle da dabarun titi, kuma shi ne mafi nisa da jin igiyar ruwa a cikinsu.

Iri na biyu shi ne mai hannu da sifirin, abin da makanikanmu suke kira rasor. A nan an ƙara wani gaɓa: akwai faranti ko hannu da yake shawagi hagu da dama a kan rulma, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira boris, tayoyin suna maƙale a jikinsa, sifirin kuma yana jawo shi ya dawo tsakiya. A wannan gida akwai C7 na Carver, da Thruster na kamfanin SmoothStar na Ostireliya, da tsarin kamfanin YOW na yankin Bask a ƙasar Sifen. Ba duka suka zama ɗaya ba. C7 yana da laushi da santsi, kwanarsa tana zuwa a hankali, kuma ana iya ɗaure sifirinsa ko a sassauta shi da noti. Thruster ya fi shi sakewa, kuma masu koyar da hawan igiyar ruwa suna sonsa saboda ba ya yarda da ha'inci: idan da idon sawu kaɗai kake motsa shi, ba ka juya kafaɗa ba, ba ka durƙusa ka miƙe ba, ba zai ba ka gudun kirki ba. Na YOW shi ne na fi jin yana nitsewa cikin kwana; allon yana kwantawa sosai har ka ji kamar gefensa zai taɓa ƙasa, sannan sifirin ya cillo ka waje da ƙarfi. Suna da sifirin mai kaurin milimita 4 da suke kira S4 don yara da marasa nauyi, da mai milimita 5, S5, don manya, kuma tsarinsu da ya biyo baya mai suna Meraki ya fi na farko rashin nauyi.

Daɗin masu sifirin shi ne, daga tsaye cik za ka iya tayar da allon da jiki kawai, kuma za ka iya juyawa a fili ƙarami, wanda bai fi tsakar gida ba. Farashin wannan daɗi kuwa abu huɗu ne. Suna da tsawo daga ƙasa, saboda haka faɗuwa daga kansu ta fi zafi, sauka da hawa kuma sun fi wuya. Suna da nauyi a gaba. Sannan idan gudu ya yi yawa, hancin yana fara rawa, rawar tana ƙaruwa da kanta har ta yar da mutum. A tafiya mai nisa ma suna gajiyar da mutum, domin lanƙwasarsu tana da yawa, cin gabansu kaɗan.

Akwai wasu ire-ire da zan ambata a taƙaice. SwellTech na Amurka ya fi kowa sakewa, ƙafar gabansa tana iya zagayawa gaba ɗaya, kuma dole nauyinka ya zauna a ƙafarka ta baya kamar yadda ake yi a ruwa; wannan ba allon mai koyo ba ne, kuma ba zan ba wanda bai taɓa hawa ba shawarar ya fara da shi. Curfboard na Jamus ba shi da sifirin ba shi da robobi a gaba, nauyin mahayi ne yake mayar da shi tsakiya. Yana da sauƙin tuƙi a shimfiɗaɗɗen wuri. Waterborne kuma ba cikakken allo ba ne a asalinsa, faranti ne da ake sakawa tsakanin katako da ƙafar gaba ta kowane allon zamiya, ya mayar da shi allon igiya. Ga wanda ya riga ya mallaki allo, wannan hanya ce mai sauƙin kuɗi da sauƙin aikowa, sai dai tana ƙara tsawo, kuma dole a ɗaga bayan allon shi ma don ya daidaita.

Bayan ƙafar gaba, abin da ya fi canza tafiyar allo shi ne tazarar da ke tsakanin ƙafar gaba da ta baya. Mutane suna kallon tsawon katako, alhali tazarar ce take aiki. Masu sayarwa suna rubuta ta da inci, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Tazara gajera, kamar inci 15 zuwa 16, tana sa allo ya yi kwana da sauri, ya zama mai zafin nama, amma ba ya yafe kuskure. Tazara doguwa, inci 18 zuwa sama, tana ba da kwana mai faɗi da natsuwa, kuma tana riƙe gudu. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne su tsaya su buɗe ƙafafu kaɗan fiye da faɗin kafaɗa, yadda za su iya durƙusawa ba tare da takura ba. Ƙafarka ta gaba za ta zauna daf da bayan notunan gaba, ta baya kuma a kan jelar allon. Idan allon ya tilasta maka matse ƙafafu, ya yi maka kaɗan. Ga matashi mai matsakaicin tsawo, katako mai inci 31 zuwa 33 da tazarar inci 17 ko kusa da haka ba ya ba da kunya. Ka lura kuma cewa a yawancin masu sifirin sandar tayoyin gaba tana komawa baya da wurin notunan, saboda haka tazarar gaskiya ta fi wadda aka rubuta gajarta. Shi ya sa katakonsu yakan ɗan fi tsawo.

Yanzu bari mu dawo gida, domin a nan ne amsar take. Allon igiya yana son daɓe mai santsi, mai tsabta, marar tsakuwa. Mu kuwa abin da muke da shi shi ne kwalta mai kaushi wadda yashi yake kwanciya a gefenta, da titunan bulo masu gaɓa-gaɓa, da lunguna na rairayi zalla inda ko babur sai ya yi da gaske. A rairayi babu allon da zai yi tafiya, ko wane iri ne. Wannan ka cire shi daga lissafi. A titin bulo za ka iya wucewa da taya babba mai laushi, amma ba za ka ji daɗin tuƙi ba, domin kowace gaɓa tana cinye gudun da ka tara. Wurin da wasan yake yiwuwa da gaske shi ne filin ƙwallon kwando ko na hannu mai daɓen siminti, da farfajiyar da aka daɓe, da sabuwar kwalta a unguwar da babu zirga-zirga, da sassafe kafin ƴan kabu-kabu su fito.

Ni a wani filin ƙwallon kwando nake yi, kuma ba na taka allo sai na share filin da tsintsiya tukuna. Na koyi wannan ne da jikina. Wata safiya ta hunturu na yi gaggawa ban share ba, ina tsakiyar kwana a kan allo mai sifirin, tayar gaba ta hau wani siririn yashi da iska ta kwantar cikin dare, wanda ko gani ba a yi sai an sunkuya. Tayar ta saki ƙasa, hancin ya juye gaba ɗaya, na sauka a kan tafin hannu, na yi makonni wuyan hannuna yana ɗaure. Abin da ya kamata ka fahimta daga wannan shi ne, duk tuƙin allon igiya ya dogara ne ga tayoyi su riƙe ƙasa yayin da kake tura su gefe, yashi kuwa aikinsa shi ne ya raba taya da ƙasa. Gwargwadon sakewar ƙafar gaba, gwargwadon yadda ƙaramin zamewa yake zama babbar faɗuwa. Allo mai robobi, idan ya zame kaɗan, yakan dawo tsakiya ya ba ka damar gyara tsayuwa.

Sai kuma ƙura. Tsarin sifirin yana da rulma da maiko a cikinsa, ƙurar hunturu kuwa babu inda ba ta shiga. Na taɓa buɗe gaban allona bayan wata biyu na hunturu, na tarar maikon ya koma wani jan kwaɓi mai ƙasa-ƙasa kamar an dama laka, hannun yana ƙara yana cijewa. Sai da na wanke komai da kananzir, na shanya, na sa sabon maiko. Wannan aiki ne da za ka riƙa maimaitawa, kuma idan sifirin ya karye, wanda yakan faru, ba za ka same shi a kasuwar Maradi ba, ba kuma lalle ka same shi a Katsina ko Kano ba. Sai ka jira wani ya taho da shi daga Turai. Mai robobi kuwa babu abin da zai karye a cikinsa sai robar ta tsufa, kuma robobin canji guda huɗu suna shiga aljihun riga.

Saboda waɗannan dalilai, shawarata gare ka ita ce ka ce wa yayanka ya aiko maka da mai robobi, irin CX ko wani mai tsari irin nasa daga kamfanin da aka sani. Na san a bidiyo masu sifirin sun fi ɗaukar ido, kuma ba na musun cewa sun fi kusa da jin igiyar ruwa. Ni kaina idan na samu daɓe mai kyau su nake ɗauka. Amma an yi su ne don mai hawan teku da yake son ya gyara motsinsa a tudu, a wurin da ake share fili kullum, kayan gyara kuma suna kusa. Kai abin da kake bukata shi ne allon da zai koya maka tuƙi, ya jure ƙura, ya kuma bar ka ka sa ƙafa a ƙasa idan hanya ta ɓaci. Idan ka shekara a kansa hannunka ya faɗa, kana kuma da fili mai santsi, sai ka nemi na YOW ko SmoothStar a matsayin na biyu. Ka guji kwaikwayon da ba shi da suna, mai arha ƙwarai. Ƙarfen ƙafar gaba yana ɗaukar nauyinka duka a tsakiyar kwana, kuma ba wurin da za a yi tsimi ba ne.

Game da tayoyi, ka nemi masu faɗin milimita 65 zuwa 70, masu laushi. Ana rubuta taurin taya da lamba da harafin A. 78A zuwa 81A shi ne laushin da yake haɗiye kaushin kwalta ya kuma haye ƙananan tsakuwa, alhali taya mai tauri irin ta masu tsalle, wadda take kusa da 99A, tsakuwa ɗaya tana iya tsayar da ita cik. Kada ka wuce milimita 70 ba tare da ƙara abin ɗagawa a ƙarƙashin katako ba, domin a kwana mai zurfi taya tana iya taɓa katakon ta tsaya nan take, kai kuma ka wuce gaba. Kafin ka fara hawa, ka tsaya a kan allon a wuri ɗaya, ka danna gefe iya ƙarfinka, wani ya duba maka ko akwai sarari tsakanin taya da katako. Rulmar tayoyin lambarta 608, guda biyu a kowace taya, kuma ita kam ana samunta wurin masu kayan injuna domin ƙananan injuna da yawa suna amfani da ita. Ka zaɓi mai murfin roba, wadda ake rubuta wa 2RS, domin ta fi mai murfin ƙarfe hana ƙura shiga. Ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki ya ishe ta bayan wanki. Kile, wato sufana, mai lamba 13 yana kwance notin taya, mai lamba 14 kuma babban notin robobi.

Katakon yawanci falle bakwai ne aka manne da gam, saboda haka yana da maƙiya biyu a garinmu. Zafin bazara, wanda yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana gajiyar da gam da roba idan an bar allo a rana ko a cikin mota rufaffiya. Ruwan damina kuma yana kumbura katako ya sa rulma tsatsa. Ka ajiye shi a ɗaki, a inuwa, kada ka ratsa kududdufi da shi.

Akwai wurare biyu da nake roƙonka ka nisanta. Na farko babbar hanya, inda manyan motoci suke wucewa zuwa Zinder ko Dan Isa. Allon igiya yana cin faɗin hanya hagu da dama, direba kuma ba zai iya sanin inda za ka nufa ba. Na biyu gangara. Tun bayan ambaliyar 1945 aka mayar da garin kan tudu, shi ya sa hanyoyin da suke sauka wajen Gulbi suke da gangara, kuma mai sabon allo yakan ji sha'awar gwada su. Allon nan ba shi da birki, kuma sakakkiyar ƙafar gaba ba ta son gudu mai yawa. Ka sa hular kwano da abin kare wuyan hannu da na gwiwa, ka sa takalmi rufaffe mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ba silifa ba, kuma ka bar doguwar riga a gida domin bakinta yana iya shiga taya.

Ranar farko kada ka nemi gudu. Ka gane ƙafarka da za ta zauna gaba tukuna: ka tsaya, wani ya ɗan tura ka ta baya, ƙafar da ta fara fita ita ce galibi ta gaba. Ka hau kusa da bango, ka sassauta gwiwa, ka dubi inda za ka, ba ƙafafunka ba. Ka fara juya kai, kafaɗa ta bi, ƙugu ya bi, allon ya zo a ƙarshe. Ka durƙusa yayin shiga kwana, ka miƙe yayin fita. Idan ka ga allon ya yi maka rawa da yawa, ka ɗaure babban notin gaba rabin zagaye, ka sassauta shi a hankali cikin makonni. Ka jera gwangwanaye shida a layi, taku huɗu tsakanin kowane biyu, ka riƙa ratsa su har ranar da za ka kai na ƙarshe da gudun da ya fi wanda ka fara da shi. A cikin saƙon da za ka tura wa yayanka kuma, ka ce ya haɗo da robobin canji da rulma takwas da abin kare wuyan hannu a kwali ɗaya.